Binciken lambunan birni da lafiyar ƙwaƙwalwa: ina kuɗin ya kamata su tafi?

Jama'a masu sauraro, kowa ya san daɗin inuwa. Amma mai riƙe da baitulmali ba ya sakin kuɗi don an ce masa inuwa na da daɗi, hujja yake nema. Hujjar kuwa iri biyu ce, kuma ba farashinsu ɗaya ba.

Mai arahar ita ce a haɗa bayanan da ke ajiye. A 2019 masana a Jami'ar Aarhus ta Denmak sun ɗauki hotunan tauraron ɗan adam suka gwama da rajistar lafiyar mutum kusan miliyan ɗaya. Suka ga waɗanda suka taso a unguwannin da suka fi ƙarancin tsirrai sun fi fuskantar haɗarin larurar ƙwaƙwalwa, har da kashi 55 cikin 100. Aiki ne mai kyau, sai dai da sauran rina a kaba: unguwa mai itatuwa galibi ta masu hannu da shuni ce, kuma duk yadda aka cire tasirin arziki ta lissafi, ba a share shi tas.

Mai tsadar ita ce gwaji ta hanyar ƙuri'a, kuma a nan ya kamata masu ba da tallafi su zuba kuɗinsu. Birnin Filadelfiya na Amurka ya nuna yadda ake yi. An ɗauki kangwayen filaye 541, irin waɗanda suka zama bola, aka kasa su gungu 110, ƙuri'a ta raba su uku. Kashin farko aka kwashe shara, aka baje ƙasa, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye da gajeren shingen katako, ana kuma dawowa gyara a kai a kai. Na biyu shara kawai aka kwashe aka yanke ciyawa. Na uku ba a taɓa shi ba. An yi wa maƙwabta tambayoyi shida kafin aiki da bayansa, kan fargaba, yanke ƙauna, rashin natsuwa, baƙin ciki da makamantansu.

Sakamakon ya fito a 2018. Kusa da filayen da aka shuka, masu cewa suna cikin baƙin ciki sun ragu da kashi 41.5 cikin 100, a unguwannin talakawa kuwa da kusan kashi 69. Kwashe shara kaɗai bai kawo canji mai ƙwari ba, kuma ba don kashi na biyun nan ba, da ba a gane haka ba. A wancan lokacin kuɗin gyaran fili ɗaya kimanin dala 1,600 ne, sai dala 180 na kulawa duk shekara.

To, ina ake samun matsala? Babba ita ce gaggawa. Hukuma na son yanke kirtanin buɗe lambu, sai a shuka kafin a ji halin da mazauna ke ciki. Daga nan babu abin da za a gwada da shi, kuɗin binciken sun bi ruwa. Sai wa'adi: tallafi kan ƙare cikin shekara 3 zuwa 5, alhali itace bai kai ga yin inuwar kirki ba. Kuɗin ban ruwa da gadi su ma ana yawan mance su a kasafi, filin ya koma bola yayin da ake tsakiyar aunawa. Mutane kuma suna tashi. A Filadelfiya an fara da 442, aka ƙare da 342, don haka dole a ɗebi fiye da adadin da ake buƙata, a ware kuɗin bin sawunsu.

Galibin irin wannan bincike daga Turai da Amurka yake, kuma ba a kwaso ma'auninsa haka nan. Hoton tauraro zai nuna Kano ko Maraɗi kore shar a watan Agusta, ya nuna su fayau a Maris, alhali dalbejiyar da dattawa ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta tana nan duk shekara. Mai tsara kasafi a irin waɗannan birane sai ya biya masu ƙirga itatuwa da ƙafa, titi titi, kuma a yi tambayoyin farko da na ƙarshe a lokaci ɗaya na shekara, kada zafin bazara ya shiga cikin amsa.