Darasi: Yadda ake saita taimin na kamshaf a tsohon babur mai taya huɗu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau aikin da ke gabanmu shi ne wannan babur mai taya huɗu, Yamaha Warrior 350. Kamfanin ya fara ƙera shi a 1987, ya ci gaba har zuwa 2004, don haka duk wanda kuka gani yanzu ya kwana biyu a duniya. Injinsa silinda ɗaya ne, bawul biyu, kamshaf ɗaya a sama, sarƙa ce ke juya shi, kuma iska ce ke sanyaya shi. Duk wanda ya taɓa buɗe injin Boxer ba zai ji baƙunta a nan ba, sai dai komai ya fi girma.

Mai shi ya sauke kan injin ya canza gasket, ya mayar da kansa. Da ya tayar, sai injin ya riƙa tari ta kafireta, ba ƙarfi, ba ya tsayawa a silo, wato in an saki totur sai ya mutu. Ya wanke kafireta, ya sa sabon filogi, shiru. Ni kuwa tun da ya ce an cire sarƙar taimin, zuciyata ta tafi wuri ɗaya.

Bari in fara da abin da taimin ke nufi, domin wanda ya gane wannan ba zai sake haddace alama kamar karatun aku ba. Karanshaf, wato sandar ƙasan inji da fistin ke juyawa, yana zagayawa sau biyu, kamshaf sau ɗaya. A cikin zagaye biyun nan fistin yana shan mai da iska, ya matse, wuta ta tashi, sannan hayaƙi ya fita. Kamshaf shi ne mai tsaron ƙofa, shi ke buɗe bawul ya rufe. In ya buɗe kafin lokaci ko bayan lokaci, aiki ya ɓaci. Kuma kuskuren haƙori ɗaya ba ƙarami ba ne. A ce sifiroket na sama, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa, yana da haƙora 36, haƙori ɗaya digiri 10 ke nan a kamshaf, a karanshaf kuma ya zama digiri 20. In haƙoran da aka tsallake sun yi yawa, fistin yana iya dukan bawul ya lanƙwasa shi, daga nan kuma sai sayen kaya.

To, bismillah. Injin ya kwana bai yi aiki ba, a sanyaye yake, haka ake so. Na cire wayar batir, na sa giya a firi, na cire filogi don injin ya juya ba tare da gardama ba. Na buɗe murfin tafet, wato wurin saita tazarar bawul, guda biyu, gaba da baya, da wannan zagayayyen murfin na gefen hagu na kan injin. Matso da kyamarar nan, yaro. Yawwa. Ga sifiroket ɗin kamshaf, ga sarƙa a kansa.

A ƙasa, jikin murfin maganeto, akwai toshe biyu. Babban na tsakiya nan za ka zura soket ka kama notin karanshaf. Ƙaramin na sama shi ne tagar da za ka leƙa. Juyawa kuma hagu ake yi, wato saɓanin tafiyar agogo, yadda injin yake juyawa in yana aiki. Kada ka riƙa kai da komo. A hankali. Za ka fara ganin wata alama ta shigo taga, wannan ta wuta ce, ba ita muke nema ba. Ci gaba kaɗan. Ga harafin T da layinsa. Layin nan za ka daidaita da ɗan tsinin da ke jikin tagar. A nan fistin ya kai ƙololuwa. In ka zarce, kada ka ɗan komo baya ka ce ya yi. Zagayo gaba ɗaya ka sake zuwa, domin komawa baya yana sassauta sarƙa ta gefen da bai kamata ba, alama ta yi maka ƙarya.

Yanzu ku dubi sama. A jikin sifiroket akwai layi, a jikin kan injin kuma akwai tsini daga sama. Ya kamata su kalli juna. Kun gani? Namu ya kauce da haƙori guda cif. Ga ciwon nan.

Yaro: Maigida, in aka zo kan T sai aka ga layin sifiroket yana kallon ƙasa fa? An juya taimin ɗin ke nan?

Madalla da wannan tambaya, don ta sa mutane da yawa sun kwance injin da lafiyarsa ƙalau. A'a, ba a juya komai ba. Tunda karanshaf sau biyu yake zagayawa, T zai zo taga sau biyu: sau ɗaya layin yana sama, sau ɗaya yana ƙasa. In ka same shi a ƙasa, ƙara zagaye ɗaya kawai, zai hau sama. Wanda muke so shi ne lokacin matsi, inda bawul biyu duk a rufe suke. Kama roka ɗin nan, ƙarafan da ke danna bawul, ka girgiza. Ka ji suna ɗan motsi, gaba da baya? To nan ne. Kuma in sarƙa a cire take gaba ɗaya, babu wani T na daidai da T na kuskure. Fistin a sama fistin a sama ne, kamshaf ɗin da za ka ɗaura shi zai raba gardama. Wutar wannan injin daga maganeto take karɓar umarni, kowane zagaye tana tashi.

Sai gyara. Farko sassauta bol ɗin tsakiyar sifiroket tun sarƙa tana a ɗaure, yaro yana riƙe da karanshaf da soket. Sassautawa kawai. Sannan tenshina, mai matse sarƙa, ga ta a bayan silinda, ɓangaren kafireta. Fara cire babban bol na tsakiyarta, ka zaro sifirin, ka ajiye inda ba zai ɓata ba, sannan ƙananan bol biyu. Don Allah kada ka yi ƙoƙarin tsallakar da sarƙa da sukundireba alhali tenshina na ciki. Na ga sarƙoƙin da aka lalata ta haka, ina jin takaicin abin har yanzu.

Kafin sifiroket ya fita, ɗaure sarƙar da waya ka rataye ta. Ka cusa tsumma mai tsabta a ramin. Wanda bol ko washa ya taɓa faɗa masa cikin injin ya san dalilin wannan tsumma. Aikin minti talatin sai ya koma na kwana biyu.

A bakin kamshaf akwai ɗan ƙaramin fil, shi ke shiga tsagar sifiroket. Juya kamshaf da hannu har fil ɗin ya kalli tsinin sama. Leƙa ƙasa ka tabbata T bai gusa ba. Yanzu wurin da nake so ku buɗe kunne: ja sarƙar ta gefen gaba, ɓangaren salansa, ta miƙe tsaf, sannan ka ɗora ta a kan sifiroket. Duk sakin da ke jikin sarƙa ya koma baya, inda tenshina za ta cinye shi. Dalili kuwa, in injin na juyawa, gefen gaba ne karanshaf yake ja. In ka bar saki a gaba, alama za ta yi maka kyau a ido, amma da ka sa tenshina sai kamshaf ya juya baya, layi ya kauce. Ina kyautata zaton haka ta faru da mai wannan babur.

Na ɗora. Kafin in ɗaure komai, zan zura yatsa ta ramin tenshina in danna sarƙar. Duba layin. Yana kan tsini daram. Sai bol, da hannu tukuna.

Ita tenshina tana da ɗan harshe mai hana sandarta komawa baya. Ɗaga harshen, tura sandar ciki gaba ɗaya, sannan ka mayar da ita da sabon gasket. Ƙananan bol biyu Nm 10 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba sa son ƙarfi, jikin alminiyon ne. Sai sifirin da babban bol, za ka ji tana ƙaras-ƙaras tana fita. In ka ɗaura ta da sanda a waje, ka matse sarƙa fiye da kima, robar da sarƙa ke bi a kai ta cinye. Bol ɗin sifiroket kuma Nm 60. Cire waya, cire tsumma. Ƙirga kayan aikinka.

Kada ka taɓa sitata tukuna. Sa soket, juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. In ka ji ya cije a wani wuri, tsaya nan take, kada ka tilasta, wataƙila bawul ne ya haɗu da fistin. Namu ya wuce sumul. T a taga, layi a kan tsini. Alhamdu lillahi.

Tsohon inji yana da nasa hali, dole in faɗa muku. Wani lokaci layin ba zai zauna daidai ba, ya ɗan koma baya kamar rabin haƙori, in ka matsar da haƙori ɗaya kuma ya zarce. Wannan sarƙa ce ta miƙe don tsufa. Duba sandar tenshina, in ta fito kusan ƙarshenta, ga kuma ƙarar sarƙa in injin na aiki, canza sarƙar kawai. Wani lokacin kuma T ɗin ne da kansa ke ƙarya, saboda ɗan makullin da ke riƙe maganeto a jikin karanshaf ya karye, maganeto ya zame. Gane shi ba wuya: zura tsinken roba mai laushi ta ramin filogi, juya a hankali, inda tsinken ya daina hawa nan ne ƙololuwa. In T ba ya taga a lokacin, buɗe maganeto. Ƙarfe kam kada ya shiga ramin nan.

Tunda muna kan matsi, mu auna tafet gaba ɗaya. Tazarar bawul ɗin shan mai milimita 0.06 zuwa 0.10, na hayaƙi 0.16 zuwa 0.20. Ma'aunin ya shiga da ɗan jan jiki, ba a sake ba, ba a cije ba. Na hayaƙin ya ɗan matse, miƙo min sufana mai lamba goma. Yawwa, ya zauna.

Mayar da murafe, ka duba robobinsu kada baƙin mai ya riƙa tsiyaya. Filogi, wayar batir, buɗe fetur. Yaro, danna sitata.

Kun ji silo ɗin? Tarin nan ya tafi. Bar shi ya yi zafi minti biyar, mu zagaya da shi mu ji yadda yake ja a giya ta biyu.