Shekarun da Mujallar Tsofaffin Ɗalibai Ke Tsallakewa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Bello da Aminu, za mu taɓa batun tsofaffin ɗaliban jami'a da suka yi fice. Malam, kai ka kawo maganar, bismillah.

Malam Bello: Na gode, Hadiza. Abin da ke damuna, duk mujallar tsofaffin ɗalibai da ka buɗe layi biyu za ka gani: wance ta kammala a shekara kaza, yau ita ce shugabar kaza. Tsakanin layukan nan akwai shekara ashirin ko talatin, amma ba mai faɗin abin da ya faru a cikinsu. Alhali nan ne ɗalibi zai ƙaru.

Aminu: Ba mu misali, Malam.

Malam Bello: Katalin Karikó. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Szeged ta ƙasar Hungary a 1982, ta koma Amurka a 1985. Bincikenta a kan mRNA ne, wato saƙon da ke faɗa wa ƙwayar halitta irin furotin ɗin da za ta haɗa. Ta yi ta neman kuɗin bincike ana hana ta, har a 1995 Jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi. Mace mai shekara arba'in fa, a ƙasar da ba tata ba.

Hadiza: Kuma ba ta canza fanni ba?

Malam Bello: Ko kusa. Matsalar da ta tsaya a kai ita ce, idan aka sa mRNA ɗin da aka haɗa a ɗakin gwaji cikin jiki, garkuwar jiki na ɗaukarsa a matsayin abokin gaba, sai kumburi ya biyo baya. A 2005 ita da abokin aikinta Drew Weissman suka nuna cewa idan aka sauya wasu daga cikin sinadaran da suka haɗu suka yi saƙon, jiki zai karɓe shi salin alin. Lokacin ba mutane da yawa suka kula ba. A 2013 ta koma kamfanin haɗa magunguna na BioNTech. Da korona ta zo, a kan wannan aikin aka gina rigakafin Pfizer da na Moderna, a 2023 kuma aka bai wa Karikó da Weissman kyautar Nobel. To in aka rubuta 1982 aka tsallaka zuwa 2023, me aka koya wa yaro?

Aminu: Na yarda, amma kada mu raina jerin sunayen nan. Yarinyar da ke aji ɗaya a jami'a, in ta ji cewa Ngozi Okonjo-Iweala ta gama Jami'ar Harvard a 1976, ta yi digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka a 1981, a Maris 2021 ta zama mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci Hukumar Ciniki ta Duniya, wallahi sai ta ji ƙarfin gwiwa.

Hadiza: Gaskiya ne, Aminu. Amma ka lissafa, daga 1976 zuwa 2021 shekara 45 ke nan. A ciki ta shafe kusan 25 a Bankin Duniya, a 2012 ta nemi shugabancin bankin aka bai wa Jim Yong Kim. Da yarinyar za ta ji wannan ma, ranar da aka ƙi ɗaukarta aiki ba za ta ɗauka tata ta ƙare ba.

Malam Bello: Haka Kofi Annan. Ya gama Kwalejin Macalester a 1961, ya fara da ƙaramin aikin kasafin kuɗi a Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962, sai a 1997 ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Hadiza: Ni abin da ya fi taɓa ni, masu shekara biyar ko shida da kammalawa da ke ƙin zuwa taron tsofaffin ɗalibai. Za ka ga mutum a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, yana karanta saƙonnin taya murna, ya fara rubutu ya goge, don yana ganin ba shi da abin nunawa.

Aminu: Wannan kam akwai shi. To Malam, da kai ne editan mujallar, ya za ka yi?

Malam Bello: Zan bar shafin manyan muƙamai yadda yake, saboda hujjarka ta zauna. Amma duk wanda za a sa, sai ya faɗi aikinsa na farko bayan kammalawa, da inda ya nema aka hana shi, da wanda ya kama hannunsa. Sannan in ware shafi ga malamar da ta yi shekara talatin a aji, da likitan da ya zauna a asibitin karkara, a tambaye su irin waɗannan tambayoyin.

Hadiza: Masu sauraro, ku ma ku aiko mana da labarin aikinku na farko, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Malam Bello, Aminu, mun gode.