Darasin Yau: Yadda Ake Shiga Ƙauyen Tarihi a Ƙasar Mutane

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye, barkanmu da war haka. Darasinmu na yau na matafiya ne, musamman masu zuwa Umara da ke samun 'yan kwanaki bayan sun kammala ibada. Zan yi misali da ƙauyen Ushaiƙir da ke yankin Najadu a Saudiyya, tafiyar kusan kilomita 200 daga Riyad, dab da garin Shaƙra. Tsohon zango ne na mahajjata, nan ayari ke yada zango su sha ruwa su huta kafin su miƙa zuwa Makka.

Ku fara da zaɓen lokaci. Ku je da hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko da hantsi ko bayan la'asar. Zafin Najadu da bazara, ko mu da munka saba da ranar Afrilu a Sakkwato sai mun ji a jikinmu.

To, da shigarka za ka ga kamar ka san wurin. Ginin ƙasa ne, rufin itace da ganyen dabino anka ɗora wa laka, lunguna matsattsu, wasu ma an rufe samansu don inuwa. Duk wanda ya taɓa bin tsoffin unguwannin da ke kewayen Hubbare zai gane hikimar: katanga mai kauri tana riƙe sanyi da rana, ta riƙe ɗumi da dare. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, jikokin masu gidajen ne da kansu sunka koma suna gyara gadon kakanninsu. Mu kuwa sai mu rushe soro mu kafa bulo. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Yanzu ga gundarin darasin. Ƙauyen nan yana da masu shi. Kada ka shiga da waya a sama kana ɗaukar duk abin da ya gitta. Yi sallama tukun, kamar yadda za ka tsaya a bakin zauren wani a Gidadawa. Hoton mutum, balle mace, sai da izini, domin a can ɗauka ba izini laifi ne da hukuma ke hukuntawa.

Ranar da munka je, wani dattijo na zaune ƙofar gidansa. Sallama kawai na yi, sai ya miƙe ya ce "Tafaddal", wato bismilla, shigo. Muka cire takalma, ya zaunar da mu a majalisarsa, ɗakin baƙi ke nan, zaurensu. Ya kawo dabino da gahawa.

Ku saurara da kyau a nan, don gahawa tana da ladabinta. Da hannun dama ake karɓa. Ɗan kaɗan za a zuba maka a gindin finjali, kada ka ɗauka rowa ce, girmamawa ce, don a yi ta ƙara maka kana zaune. In ka ƙoshi, ka ɗan girgiza finjalin kafin ka miƙa. In ba ka girgiza ba, wallahi zai ci gaba da zubawa. Kuma kada ka ƙi na farko, ko da kurɓa ɗaya ce.

Larabcina na allo ne, nasa na gida, amma mun kai la'asar sakaliya muna hira. Da ya ji mun fito daga garin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai ya kira maƙwabtansa biyu su zo su gaisa da baƙi.

Batun tsaraba: kada ka je hannu rabbana. Amma ban da goro, hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. Ka riƙe ƙaramar jaka ko matashi na fatar jar akuyarmu, ba nauyi, kuma aikin dukawanmu ba ya ba da kunya. Ni 'yar jakar fata na ba dattijon. Ya juya ta, ya shinshina, ya tambayi da me anka jeme ta. Na ce da bagaruwa, na kwatanta masa itacen da hannu, shi kuma ya kama hannuna ya kai ni gonar dabinonsu ta bayan gari.