Littafin da gari duka ya san za a kashe jarumin

Assalamu alaikum jama'a, masu kallonmu na Garwa, Marwa, Kusiri da Njamaina, barkanku da war haka. Yau littafin ƙagaggen labari za mu buɗe, wanda tun layin farko marubucin ya faɗa muku cewa jarumin zai mutu. Bai ɓoye ba, amma da wuya ka ajiye shi ba ka kai ƙarshe ba.

Marubucin shi ne Gabriel García Márquez, ɗan ƙasar Kolombiya. Littafin ya fito da Sifaniyanci a 1981, shekara guda kafin a ba shi kyautar Nobel. Masu karatun Faransanci a nan sun san shi da Chronique d'une mort annoncée. Ya gina shi ne a kan wani kisa na gaske da aka yi a garin Sucre a 1951.

Ga yadda abin yake. An kai amarya Angela Vicario gidan miji, a daren nan ango ya mayar da ita gidan iyayenta, wai bai same ta budurwa ba. Da aka matsa mata, sai ta ambaci sunan Santiago Nasar, saurayi ɗan shekara 21, ɗan wani Balarabe da ya zauna a garin. Yayyenta tagwaye, Pedro da Pablo, suka ɗauki wuƙaƙen yankan alade, suka je kasuwa suna wasa su, suna faɗa wa duk wanda suka gani cewa Santiago za su kashe.

To, ku lura da maganar bindiga, don a nan littafin ya fi ban mamaki. Santiago ba mutum ne da hannunsa ke wofi ba. Yana da bindigogin farauta, yana kuma kwana da ƙaramar bindiga a cikin rigar matashinsa, kamar yadda mahaifinsa ya saba. Sai dai akwai wata rana, tun Santiago yana ƙarami, da mai aikin gidan ta kakkaɓe matashin mahaifin, bindigar ta faɗi ta tashi, harsashi ya huda bango ya je har cikin coci. Tun daga nan mahaifin ya soma raba bindiga da harsashi, ɗan kuma ya gaji ɗabi'ar. A safiyar Litinin ɗin ma ya zare harsasan, ya sa fararen kaya, ya fita tarbar babban limamin coci da zai iso ta jirgin ruwa. Abokinsa Cristo Bedoya ya ruga gidan ya ɗauko bindigar don ya kai masa, bai ma san ba komai a cikinta ba, kuma bai riske shi ba.

Shi Santiago sai a mintunan ƙarshe ya ji labarin, a gidan budurwarsa. Surukinsa ya ba shi zaɓi biyu, ko ya ɓuya a gidan, ko ya fita da bindigar surukin. Yaro ya rikice, ya fita hannu rabbana. Mahaifiyarsa kuwa ta garƙame ƙofar gaba tana zaton ɗanta yana ciki, aka caccake shi a jikin ƙofar.

Mu da muke zaune a wannan yanki, maganar ba baƙuwa ba ce. Makiyayi a Mayo-Rey ko Mayo-Kebbi da masu garkuwa da mutane suka aiko wa saƙo, tunanin farko da ke zuwa masa shi ne ina zai samu bindiga, ko da adaka ce. Kamaru na da dokar makamai ta Disamba 2016, ba kowa ke riƙe bindiga ba sai da izinin hukuma, amma tsoro ba ya jiran takarda. Musulmi ya san ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, cewa rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Márquez ya juya tambayar ne: idan maƙwabtanka ne suka sani fa?

A ganina, tagwayen nan neman wanda zai hana su suke yi. Shugaban garin ya karɓe wuƙaƙen ya ce su je su kwanta, suka koma suka ɗauko wasu. Limamin cocin garin ya samu saƙo, hidimar baƙo ta mantar da shi. An tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ba wanda ya duba. Kowa na cewa ai tabbas wani ya riga ya gaya masa, wasu kuma suka ce maganar mutunci ce, ba a shiga.

Mai ba da labarin ya dawo bayan shekara 27 yana bin mutane ɗaya-ɗaya da tambaya. Tagwayen sun yi shekara uku a tsare, kotu ta sallame su da hujjar kare mutunci. Angela ba ta taɓa sauya sunan da ta ambata ba, amma alƙalin da ya yi binciken bai samu shaida ko guda da ta nuna Santiago ne ya aikata ba.