Jawabin Maraba da Al'ummar Toro Suka Gabatar ga Mai Girma Ministan Kimiyya da Fasaha

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma Minista, iyayenmu sarakuna, shugabannin hukumar binciken sararin samaniya, malamanmu na addinai, manyan baƙi, jama'ar Toro maza da mata, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, ƙasa ta shaida su, kuma sanin kowa ne kai mutum ne mai jin magana sau ɗaya ya aikata. Barin ofis da ka yi ka tako har gindin duwatsunmu girmamawa ce da ba za mu manta ba. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buƙatarmu babba guda ɗaya ce, kuma da ita za mu fara: muna roƙon a kafa babban farantin sauraren sararin samaniya a nan Toro, kusa da na'urar GPS da ke Cibiyar Awon Duniya da Nazarin Motsin Ƙasa. Duk abin da za mu faɗa bayan wannan, hujja ce kawai.

Ƙasar Toro ba yau ta fara yi wa Najeriya hidima ba. Tun farkon shekarun 1900 Turawan haƙar kuza suka yada zango a Tilden Fulani. Aka kwashi arzikin da ke ƙarƙashin ƙafafun kakanninmu aka haye teku da shi, suna ya tafi ga Jos, mu kuwa aka bar mu da ramuka. Tun zamanin Turawa kwalejin horon malamai ta Toro take yaye malamai, suka watsu cikin Arewa suna koyar da 'ya'yan wasu. Dankalinmu yana ciyar da kasuwanni daga Bauchi har Jos. Fulani, Jarawa, Ribina, Hausawa da sauran 'yan'uwa muna zaune tare daga Lame zuwa Jama'a, daga Nabordo zuwa Magama Gumau. Mun saba bayarwa, ranka ya daɗe. Karɓa ce ba mu saba ba.

Da aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, a 1999, aka kuma buɗe wannan cibiya a 2002, ba don alfarma aka kawo ta nan ba. Dutsen da muke kai tsohon dutse ne mai ƙarfi, ba ya lotsawa, ba ya zamewa, kuma irinsa masu awon duniya suke nema su dasa alama. Daga nan ake kula da tashoshin auna girgizar ƙasa na Najeriya. Da ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da kuma a Mpape ta Abuja a 2018, har mutane suka fice daga gidajensu, Toro aka waiwaya ana tambaya. Sunan garinmu ya shiga jerin tashoshin GPS na duniya. Amma aikin da ƙafa ɗaya yake tafiya.

Ka yi mana haƙuri mu ɗan yi bayani, domin iyayenmu da ke zaune a nan su ma su ji abin da ake roƙo da sunansu.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya daga nisan kilomita kusan 20,000, sau biyu a kowace rana. Na'urar da ke karɓar saƙonsu a ƙasa ba ta da tsada, ana iya dasa ta a ko'ina, tana aiki dare da rana. Matsalar ita ce su kansu taurarin matafiya ne. Idan aka ga sauyi a awo, ba za su iya tantancewa su kaɗai ba ko hanyarsu ce ta karkata ko kuwa juyawar duniya ce ta sauya, domin duniya ba ta juyawa daidai wa daida kullum. Iska da igiyar teku suna ƙara wa yini ko su rage masa ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Dabbar da ke kiwo tana buƙatar turke. Turken nan shi ne wasu fitilu na can ƙuryar sararin samaniya da masana ke kira kwezar, waɗanda haskensu ke shafe biliyoyin shekaru kafin ya iso gare mu. Tsabar nisa ta sa ba a ganin motsinsu.

Faranti shi ke sauraren su. Ana juya faranti biyu ko fiye, ɗaya a wannan nahiya ɗaya a waccan, su fuskanci kwezar guda a lokaci guda. Saƙon rediyon da kwezar ɗin ke fitarwa zai riga isa ga ɗaya kafin ɗayan. Kowace tasha tana da agogo na musamman mai aiki da iskar haidurojin, wanda ke riƙe lokaci fiye da duk agogon da muka sani. Daga wannan 'yar tazara ta lokaci ake fitar da nisan da ke tsakanin tashoshin har zuwa milimita kaɗan, ko da dubban kilomita ne a tsakaninsu. Wannan hanya ita ake kira VLBI, kuma ita kaɗai ce ke faɗin ainihin inda duniya ta kai a juyinta. Ba don ita ba, da sannu GPS ɗin da ke wayar kowa zai fara ɓata hanya.

Ga inda maganar take. Hanyoyin biyu, GPS da VLBI, ba sa haɗuwa sai a wurin da faranti da na'urar GPS suke tsaye a fili ɗaya, kan dutse ɗaya, ƙarƙashin sama ɗaya. Sai masu safiyo su fito da kayan aikinsu su auna tsakanin cibiyar farantin da kan sandar GPS, taku kaɗan ne, amma sai sun yi ta maimaitawa har kuskuren ya koma milimita. Wannan ɗan gajeren awo shi ke ɗaure awon duniya baki ɗaya. Muna da dutsen, muna da GPS. Farantin ne babu.

Jamus tana da irin wannan tasha a Wettzell. A doron nahiyar Afirka kuwa, Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu ce take ɗauke da nauyin, da farantinta mai faɗin mita 26 wanda hukumar NASA ta Amurka ta gina tun 1961. Daga can har Turai fili ne fetal. Ghana ta gyara tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse ta ƙaddamar da shi a 2017 don binciken taurari. Muna taya su murna, amma ba za mu ɓoye maka ba, abin ya taɓa mu. Sababbin farantan awo na zamani mita 12 ko 13 ne kacal. Najeriyar da ta mallaki tauraron ɗan'adam tun 2003 ba za ta gaza wannan ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri tana kiran ƙasashe su haɗa kai a kan ma'aunin duniya guda. To ga inda za mu ajiye namu kason.

Kada a ce wannan sha'anin masana ne kawai. Tsofaffin taswirorinmu an ɗora su ne kan ma'aunin Minna na zamanin Turawa, kuma tsakaninsa da abin da GPS ke nunawa akwai gomman mitoci. Mu da muke zaman sulhu kan iyakar gona da burtali mun san abin da taku biyar ke jawowa. Takardar fili, shimfiɗa titi, tsayin madatsar ruwa, sanin inda ambaliya za ta bi, duk a kan awo suke.

Akwai ƙananan buƙatu da ke rakiyar babbar. A ba cibiyar wuta tsayayya mai amfani da hasken rana, domin agogon haidurojin ba ya son ɗauke wuta. A jawo mata layin intanet mai ƙarfi, tunda bayanan da faranti ke tarawa a yini guda sun fi ƙarfin layin da muka saba da shi. A tura 'ya'yanmu karatun awon ƙasa da ilimin taurari. Mun gaji da ganin su a bakin ƙofa suna gadi alhali suna da ƙwaƙwalwar zama a ciki.

Mu ma ba hannu rabbana muka zo ba. Mun ji cewa faranti ba ya shiri da hayaniyar turakun waya da fasa dutse da nakiya a kusa da shi. Sarakunanmu da matasanmu sun amince za su tsare kewayen wurin, su hana gini da fasa dutse a inda masana suka shata.

Ranka ya daɗe, idan kasafin bana ba zai ɗauki duka ba, a jinkirta sauran, a sa farantin a gaba. Muna roƙon ka sa hannu a kansa kafin ka bar wannan kujera zuwa wadda ta fi ta, kuma muna fatan zuwanka na gaba na yanke kyalle ne.

Allah ya saka da alheri, ya mai da kai gida lafiya, kai da tawagarka.

Kwamitin Tarbar Baƙi,
a madadin al'ummar ƙasar Toro, jihar Bauchi.