Kafin yaro ya ce "ai na gani a intanet"

Bari mu fara da wani hoto. Paparoma Francis ne sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi. A watan Maris na 2023 hoton ya karaɗe duniya, babba da yaro kowa na tura wa wani. Paparoma bai taɓa sa rigar ba. Wani ne ya ƙirƙiro hoton da Midjourney, wata manhaja mai ƙirƙirar hotuna. Da can mukan ce gani ya kori ji, yau ganin ma sai an tuhume shi.

To, idan manya sun ruɗu, ina ga ɗan shekara 12 ko 13 da bai daɗe da fara riƙe waya ba?

Iyaye da yawa suna zaton tunda yaran nan sun fi mu iya latsa waya, sun fi mu gane abin da ke cikinta. Ba haka abin yake ba. A 2016 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai 7,804. An nuna wa 'yan ƙaramar sakandare shafin farko na wata mujallar intanet, sai fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ɗauki wata talla a matsayin labari, alhali an rubuta a jikinta cewa kuɗi aka biya aka sa ta.

Abin da ya fi damuna shi ne irin shawarar da muka daɗe muna ba su. Mukan ce: duba shafin, yana da tsari? Akwai kuskuren rubutu? Adireshinsa ya ƙare da .org? Duk wannan kyan ɗan maciji ne. Kowa na iya yin rajistar .org, kuma maƙaryaci ya fi kowa gyara shafinsa, domin ya san nan za a duba.

Masu binciken na Stanford sun sake wani gwaji a 2017. Suka ba malaman tarihi da ɗaliban jami'a da ƙwararrun masu tantance labarai shafukan ƙungiyoyin likitocin yara guda biyu masu suna kusan iri ɗaya. Ɗaya babba ce da aka kafa tun 1930, mai mambobi dubbai. Ɗayar ƙarama ce da ta ɓalle daga babbar a 2002. Yawancin ɗaliban suka zauna a kan shafukan suna karantawa daga sama zuwa ƙasa, ƙarshe suka fi amincewa da ƙaramar. Su kuwa masu tantance labaran ba su ɓata lokaci ba. Kallo ɗaya suka yi, suka fice, suka buɗe sabon shafi, suka nemi abin da wasu ke faɗa game da kowace ƙungiya. Dukkansu suka gano wace ce wace.

Wannan ficewar ita ce abin da za mu koya wa yaro. Idan baƙo ya zo maka da labari, ba shi kake tambaya ko shi mai gaskiya ne ba, waɗanda suka san shi kake tambaya. Yaron ya rubuta sunan shafin ko marubucin a Google, ya ga wa ke bayansa, wa ke ba shi kuɗi, me ya sani a kan batun. A nan Wikipedia tana da amfani ƙwarai, duk da malamai da yawa suna hana ta. Ni dai ina ganin a bar yaro ya fara da ita, muddin zai gangara ƙasa ya ga inda aka samo maganar.

Sai kuma zuciya. A 2018 masu bincike a cibiyar MIT sun bi diddigin labarai kusan 126,000 a Twitter, suka ga gaskiya tana ɗaukar lokaci kusan ninki shida kafin ta kai ga mutum 1,500 idan aka kwatanta da ƙarya. Ƙanzon kurege yakan zo da abin mamaki ko tsoro, shi ya sa yatsa ke rigan tunani. Ku gaya wa yaro: duk saƙon da ya sa gabanka ya faɗi, ko ya ce "tura yanzu kafin a goge", ajiye wayar tukuna.

Kuma don Allah, ranar da ya kawo muku labarin ƙarya, kada ku yi masa dariya. Yaron da aka kunyata ba ya daina yarda da ƙarya, nuna muku kawai yake dainawa. Ku ce masa, "Zo mu duba tare." Ku miƙa masa wayar, shi zai latsa. Idan hoto ne, ya sa shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin binciken asalin hoto, ku ga tun yaushe yake yawo da kuma wuraren da ya bayyana. Sau da yawa hoton na gaske ne, amma tsoho ne, daga wata ƙasa, aka liƙa masa sabon labari. Gobe kuma ku ne za ku kawo masa saƙon da aka turo muku, ku ce ya taya ku bincikawa.