Tumbi da Huhu: Yadda Ƙiba ke Tsananta Fuka

Assalamu alaikum. Iyayena mata, malamai, ɗalibai, sannunku da fitowa cikin wannan hazo. Hunturun Damagaram ya sa da yawanmu tari, kuma in aka ce fuka, wadda wasu ke kira asma, kowa ƙura da hayaƙin itace yake tunawa. Gaskiya ne, suna tayar da ita. Amma yau ta wajen tumbi zan shigo muku.

Can baya likitoci ma sun ɗauki kitse ajiya ce kawai. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka gano leftin, sinadarin da kitse da kansa yake fitarwa ya shiga jini ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A 1999 masana a Japan suka gano girelin, shi kuma daga ciki yake fitowa, aikinsa kiran yunwa. To ga abin mamaki: mai ƙiba leftin ya yi masa yawa, ba ƙaranci ba, sai dai ƙwaƙwalwa ta daina sauraro. Kamar mai sallama ne a ƙofar gida, yana ta ɗaga murya, na ciki ba su amsawa. Mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, ba a jima ba yana neman fura.

Ina huhu ya shigo? Leftin ɗin da ya taru bai zauna banza ba, yana zuga ƙwayoyin garkuwar jiki su haddasa kumburi, har cikin hanyoyin iska. Akwai kuma adifonektin, mai kwantar da kumburi, shi kuwa raguwa yake yi in kitse ya ƙaru. Ga nauyi kansa: tumbi yana tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama, huhu ya kasa buɗewa yadda ya kamata, musamman in an kwanta. Ƙwannafi da minshari mai yanke numfashi su ƙara nasu. A 2007 wasu masana biyu, Beuther da Sutherland, sun haɗa bincike da dama, suka ga haɗarin kamuwa da fuka ya kusa ninki biyu ga masu ƙiba. Kuma maganin shaƙa na kullum bai cika kama su sosai ba kamar sauran.

Ƙiba a wurin likita awo ce. A raba nauyi da tsayi sau tsayi. Mace mai kilo 90 da tsayin mita 1,65 ta kai 33, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar a 30.

Yanzu iyayena mata, ku gafarce ni, zan taɓo inda ke da zafi. Mun san ƙwayoyin da ake saya wurin masu tallar magani don amarya ta cika kafin biki. Cikinsu akwai dekisametazon. Yana buɗe ciki, yana tara kitse a fuska da tumbi, yana iya jawo ciwon suga da hawan jini. Makircinsa shi ne yana danne shessheka na ɗan lokaci, sai yarinya mai fuka ta zaci ta warke. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari, ta je a rage mata a hankali.

Hajiya ta tambaya ko sai an rame ƙwarai. A'a, Hajiya. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana sauƙaƙa numfashi, ga mai kilo 90 ke nan daga kilo 4,5 zuwa 9. A rage suga a shayi da lemun kwalba, a taka da ƙafa bayan la'asar in ƙura ta lafa. Maganin shaƙa kuwa a ci gaba da shi, a adadin da likita ya rubuta ba ya sa ƙiba irin ta ƙwayoyin haɗiya.